Sannu-Sannu da Shuke-shuken Masu Ƙaura

Sannu-Sannu ake ce masa, sunan kuma ya manne masa har mutane suka manta da na ainihi. Abokan aikinsa na garejin manyan motoci ne suka laƙaba masa, domin ko titi ya yi fayau babu kowa, ba ya taka mota. Sukan ce in ka aike shi wani gari da ƙwai zai kai shi lafiya lau, sai dai kafin ya isa ya ƙyanƙyashe. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "To ai kun ci riba. An ba ni ƙwai, na kai ɗan tsako."

Ɗan kafinta ne. Ya tashi cikin garin katako da ƙarar zarto, a wani shago da ke bakin kwalta, inda ko ciyawa ba ta samun wurin leƙowa. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma hannunsa bai karɓi aikin ba. In ya buga ƙusa sai ta lanƙwashe ta dube shi. Abin da ya ɗauka daga shagon shi ne ganin girman kaya: yadda ake ɗaga kabad ba tare da an ja ƙafarsa a ƙasa ba, yadda ake jingine madubi tsakanin katifu. Da ya koyi tuƙi ya fara da jigilar siminti, har mai motocin ya lura cewa buhu ba ya fashewa a motarsa, sai ya mayar da shi kan ɗaukar kayan masu sauya gida. A nan ƙuruciyarsa ta ƙare, a nan furfura ta same shi.

Kwashe kaya aiki ne na shiga cikin sirrin mutane. Kana ganin bayan gadon da ba a share ba tun da aka kafa shi, kana ganin inda hoto ya bar fari a jikin bango. Ya ga masu tashi da murna don sun gina nasu, ya ga masu fita ba sa ko duban juna. Bai taɓa tambayar kowa dalili ba, bai kuma taɓa kai labarin wani gida wani gida ba.

Abu ɗaya dai ya lura da shi: shuka ce ake tunawa a ƙarshe. An ɗaure kujeru, an cusa kwalaye, an ja tamfol an ɗaure igiya, sai matar gidan ta waiwaya ta hangi tukunya a bakin taga. "Af! Direba, da sauran wuri?" Yawanci babu. Sai a ce a bar wa mai shigowa, ko a sauke ta kusa da kwandon shara.

Ran da ya fara ɗaukar ɗaya, ba don so ba ne, tausayi ne irin wanda ake ji wa kyanwa cikin ruwan sama. Ya ajiye ta a kujerar gaba, ya ja bel ya ɗaure ta kamar fasinja. Da yamma ya hau benen gidansu da ita a rungume. Ɗaki biyu ne da falo suke ciki, sai 'yar baranda inda matarsa ke shanya. Ita kuwa tana kan keken ɗinki, kayan makarantar yaran unguwa take ɗinkawa, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Wannan kuma fa, Baban Auta?"

"Baƙuwa ce. An bar ta a baya."

"Ana ci?"

"Ban sani ba."

"Magani take yi?"

"Ban tambaya ba."

"To, Allah ya kyauta. Mutum ya fita neman abinci, ya dawo da ƙarin baki."

Daga ɗaya aka koma biyu, daga biyu kuma Maman Auta ta daina ƙirgawa. Igiyar shanya ta dinga ja da baya har ta maƙale a lungu. Masu dogon ganye da masu ƙaya yakan rarraba wa maƙwabta, amma masu zagayayyen ganye ba ya iya rabuwa da su. In an tambaye shi sai ya ce ganye mai tsini kamar yana nuna ka da yatsa ne, zagayayye kuwa kallonka kawai yake yi.

A ganinsa na lokacin duk dangi ɗaya ne, tun da kamarsu ɗaya. Saboda haka kullum da safe kafin ya fita sai ya bi su da kofi, kowace ya zuba mata daidai da ta 'yar'uwarta, wai adalci. Wasu suka yi kore shar, wasu kuwa suka fara zubar da ganye. Akwai wata mai kaurin ganye da yake ji da ita. Wata safiya ya taɓa gindinta ya ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sa ta a mota, a hanyarsa ta dawowa ya tsaya wurin wani tsoho mai sayar da furanni kusa da shataletale.

Tsohon ya zare shukar daga tukunya, ya shinshina ƙasar, ya girgiza kai.

"Malam direba, ai ka nutsar da ita. Sau nawa kake ba ta ruwa?"

"Kullum, kamar sauran."

"Sauran irinta ne?"

"Duk ganyensu a zagaye yake."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Akuya da kare duk ƙafa huɗu gare su, amma ba akushi ɗaya ake zuba musu ba. Kama da wane ba ta wane. Kada ka tsaya a fuskar ganye, juya shi ka ga bayansa. Ka duba inda kara ya kama shi. Ka matsa shi da yatsa ka ji kaurinsa. In kuma ka karya ganye ka ga ruwa fari kamar madara, ka wanke hannu, ka ɗaga ta inda yara ba sa kaiwa."

Ya yanke wani reshe da bai ruɓe ba ya ba shi, ya ce ya bar shi ya sha iska bakin yankan ya bushe, sannan ya kafa shi a ƙasa mai yashi. Ya kuma faɗa masa sunayensu, sunaye masu tsawo na wani harshe, waɗanda kafin Sannu-Sannu ya tada mota duk sun zube daga kansa. Sai ya raɗa musu nasa.

Akwai wadda ya kira Mai Cibiya. Ganyenta sumul yake kamar ƙaramin faranti, kuma siririn karan da ke riƙe da shi ba a gefe ya kama ba, ta ƙarƙashi ya kama wajen tsakiya kamar sandar laima, har ya bar ɗan tabo mai haske a sama. Gangar jiki ɗaya gare ta a tsaye, ganyaye na fitowa ta ko'ina. Sai wata da ta daɗe tana ruɗa shi, domin ita ma cibiyar gare ta, amma in ka shafa bakin ganyen za ka ji 'yan giɓi-giɓi, kuma ba ta tsayuwa, rarrafe take a kan ƙasa tana ɗago ganye ɗaɗɗaya. Ita ce ba ta ƙoshi da ruwa, sai ya sa mata Agwagwa. Mai Ƙiba ita ce wadda ya kusa kashewa da alheri. Ruwanta na cikin ganyenta, sai ƙasa ta bushe ƙayau take neman ƙari. Wadda ya kira Kankana ba ta ɓuya, zanen ganyenta ya tona ta, ga kara ja. Akwai wata mai zubowa daga tukunya kamar sarƙa, ganyayenta ƙanana kamar maɓallan riga. Da wata babba mai faɗin ganye, mai layi-layi fari-fari, wadda in rana ta taɓa ta sai bakin ganyen ya ƙone, in yamma ta yi kuma ta ɗaga ganyayenta sama. Maman Auta ce ta raɗa mata Amarya, wai don tsabar iyayi.

Batun ruwa kuwa, hannunsa ne ya warware masa. Mutum ne da ya yi shekaru yana sanin nauyin kwali tun kafin ya bar ƙasa, don haka sai ya riƙa ɗaga tukunya kawai. In ta yi nauyi ya wuce, in ta yi sakayau ya zuba.

Abin da ya raba shi da mota bai zo da hayaniya ba. Wata rana ɗaya daga cikin 'yan dako bai zo aiki ba, ga firji za a sauko da shi daga hawa na uku, sai ya kama gefe ɗaya. A tsakiyar matakala ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Bai saki firjin ba sai da aka kai ƙasa, amma daga nan ɗaukarsa aka yi. Ya yi jinya mai tsawo, ya miƙe, sai dai likita ya ce shi da dogon zama a bayan sitiyari sun yi sallama.

Zaman gida ya yi masa wuya da farko. Mutumin da ya saba fita tun da sassafe, sai ga shi yana zagaya falo yana gyara zaman kujerun da ba su nemi gyara ba. Maman Auta ta yi haƙuri har ta gaji, ran nan ta ce, "Don Allah ka koma wurin matanka na baranda, ka bar ni in ga bakin allura." Ya koma, ta kai masa kujera da matashi. Sannu a hankali maƙwabta suka fara hawowa da tukwanensu, wannan ganyenta ya yi rawaya, waccan ta ƙi girma. Auta, 'yarsu da ke aiki a kantin magani, ta nuna masa yadda ake ɗaukar hoton ganye a waya ta faɗi sunansa. Ya ji daɗin abin, yakan sa ta ta karanta masa sunayen yana maimaitawa, amma da ta tafi sai ya koma kan Agwagwa da Amarya.

Wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da jakar littattafai a kafaɗa, ta ce malamar makaranta ce, a gareji aka yi mata kwatancen gidan. Maman Auta ta shimfiɗa mata wuri, ta kawo ruwa. Bayan gaisuwa Malamar ta daɗe tana murza hannun jaka kafin ta fara.

"Baba, ba lalle ka tuna ni ba. Shekarun baya kai ka kwashe kayan mahaifiyata bayan ta rasu. Akwai wata shuka a tagar ɗakinta. Ka tambaye ni ko a saka a mota, na ce ka tafi da ita duk inda ka ga dama, ba na son ganinta. A lokacin ko kofinta ba na iya kallo." Ta ajiye jakar a gefe. "Yanzu kuma babu abin da nake so in gani kamar ita. Kayan duk an raba, wasu sun lalace. Na ce bari in gwada, ko Allah zai sa."

Sannu-Sannu ya yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Ya lalubi ƙwaƙwalwarsa bai samu komai ba. Gidajen da ya kwashe sun fi gaban tunawa, tagogi duk sun haɗe masa.

"Gaskiya, Malama, ban tuna ba. Amma in na ɗauka, to nan ta zo. Yaya take?"

"Ganyenta a zagaye yake."

Maman Auta ta tuntsire da dariya, ta yi sauri ta rufe baki. "Yi haƙuri, 'yata. Taso ki gani."

Ta yaye labulen baranda. Malamar ta tsaya turus. Daga ƙasa har saman bango, a kan katako, a cikin gwangwanaye, a rataye da waya, duk zagayayyun ganyaye ne ke kallonta. Ta dubi wannan ta dubi waccan, idonta ya ciko.

"Ban sani ba, Baba. Wallahi duk kamar ita ce."

"Zauna," in ji shi, ya tura mata kujerarsa. "Ba sauri muke ba. Ki bar kallonsu, ki tuna Mama. A tsaye shukar take ko tana zubowa ƙasa?"

"A tsaye, ina jin."

Ya ɗauke kansa daga masu sarƙa. "Ganyen yana da zane?"

"A'a, kore ne zalla."

"Kauri gare shi, ko yana rawa in iska ta kaɗa?"

Ta lumshe ido. "Yana rawa. In an buɗe taga sai su dinga kaɗawa kamar ana gaisuwa. Kuma akwai ɗan ɗigo a tsakiya. Ina yarinya nakan ɗora yatsa a kai, ta ce in bari."

Ya jawo tukwane biyu gabanta, Mai Cibiya da Agwagwa. "To, saura tsakanin waɗannan. Bakin ganyen sumul ne ko da giɓi?"

Ta shafa wannan, ta shafa waccan, ta girgiza kai. Ba ta tuna ba.

"Bar shi. Me Mama take yi mata? Tana yawan ba ta ruwa?"

"Ruwa kam ban lura ba. Abin da na sani, kullum da safe in ta buɗe labule sai ta ɗan juya tukunyar. Tana cewa shukar nan kwaɗayin haske gare ta, in ba a juya ta ba wuyanta zai karkace." Sai ta gyara zama, muryarta ta sake. "Kuma tana haihuwa! 'Yan ƙanana suna fitowa a gindinta, Mama ta cire da cokali ta sa a kofin roba ta ba mutane. Duk wadda ta zo gidanmu sai ta tafi da ɗaya, ko tana so ko ba ta so."

Sannu-Sannu ya ture Agwagwa gefe da ƙafa, ya ɗora Mai Cibiya a cinyar Malamar. A gindinta ga 'yan tsirrai nan sun leƙo daga ƙasa, ganyensu bai fi farce ba. Ta rungume tukunyar, hawaye na sauka a kan ganyen, babu wanda ya ce mata ta daina.

Da ta natsu, ya ce, "Malama, akwai abin da ya kamata ki sani. Irin ta Mama ce wannan, ba ni da shakka. Amma irinta na samo daga gidaje daban-daban. Iyayen sun tsufa sun tafi, waɗannan 'ya'ya ne da jikoki, kuma duk sun cuɗe. Ba zan iya ɗaga ɗaya in ce miki ga jinin ta Mama ba. In na faɗa na yi ƙarya."

Fuskar Malamar ta ɗan faɗi. Ta dubi sauran masu cibiyar da ke jere a kan katako.

Maman Auta ce ta sa baki. "Ke 'yata, ba kin ce duk wadda ta je gidanku sai ta tafi da ɗaya ba? To waɗancan gidajen da ya kwaso, wa ya san daga ina suka samu tasu? Mace mai kyauta irin wannan, ai rabin garin nan jikokinta ne. Ɗauki wadda ranki ya kwanta da ita."

Malamar ta yi dariya cikin hawaye. Ba ta ɗauki babbar ba. Ta zaɓi wata matsakaiciya da ta ɗan karkata gefe, ta ce ta ga alamar tana bukatar mai juya ta.

Ba a jima sosai ba ta kira shi a waya, hankali a tashe, wai ganyayen ƙasa sun yi rawaya suna zubewa. Ya tambaye ta inda ta ajiye ta da yadda take ba ta ruwa. Ashe safe da yamma take zubawa, har da ragowar shayi mai sanyi, wai don ta yi ƙarfi. Ya ce ta ɗauke kofin nan ta ɓoye, ta matsar da tukunyar inda haske ke shiga amma rana ba ta duka, kada ta sake zuba ko ɗigo sai ta tura yatsa ta ji ƙasa ta bushe. Shukar ta farfaɗo. Da ta yi 'ya'yan fari, Malamar ta kai su makaranta ta jera a tagar ajinta, yanzu ɗalibai ne ke rigimar wanda zai juya su.

Shi kuwa yana nan a barandarsa, ƙugu ya yi sauƙi in ba lokacin sanyi ba. Direban da ya karɓi motarsa, wani ƙaton mutum mai yawan dariya, ya ɗauki ɗabi'ar tsayawa a ƙofar gidan in an bar wata a baya. Kwanan nan ya hawo da wata a cikin tsohon bokitin fenti, ganyenta zagaye, mai gashi-gashi kamar kunnen zomo, bayansa kuma ja.

"Baba, wannan wace ce?"

Sannu-Sannu ya juya ganyen, ya duba inda kara ya kama, ya matsa da yatsa, ya ɗaga bokitin ya ji nauyinsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Ban san ta ba," in ji shi, fuskarsa cike da jin daɗi. "Ajiye ta can inuwa. Mu zauna da ita tukuna, za ta faɗi abin da take so."

Daga falo Maman Auta ta ɗaga murya ba tare da ta tsayar da keke ba, ta ce in an gama da bokitin a ba ta, nata na wanki ya fashe.